Baƙin Mai a Kan Layin Dogo

A unguwar Ɗan Iya akwai wasu gidaje biyu da katanga ɗaya ta raba. Na dama gidan Alhaji Ashiru ne, mai sayar da baƙin mai da giris a Gwallaga, mutum mai shago uku da mota biyu da murya ɗaya wadda ta ishi layin gaba ɗaya. Allah ya ba shi kusan komai, kunnen sauraro ne kawai bai samu ba. Na hagu kuwa gidan Baba Elias ne, wanda ya yi shekara talatin da ɗaya yana aiki a tashar jirgin ƙasa kafin ya yi ritaya. Shi yana da kunne, yana da haƙuri, lokaci ma har ya yi masa yawa. Abin da ya rasa jirgi ne, domin rabon da ya ji kukansa a garin an daɗe. Tsakanin mutanen nan biyu akwai Ni'ima, 'yar Alhaji, mai shekara goma sha ɗaya, wadda ba ta taɓa ganin jirgin ƙasa yana tafiya ba sai a waya. Ita abin da ta rasa shi ne wanda zai yarda da maganarta a ajinsu.

Da Baba Elias ya ga jirgi ya ƙi zuwa, sai ya gina nasa. Ya ɗauko wata tsohuwar ƙofar katako ya kwantar da ita kan bulo a barandar bayan gida. Ya fere wayar wuta ya fitar da jan ƙarfenta, ya miƙar da shi da guduma, ya zama layi. Tsinken tsire ya yayyanka gajeru-gajeru ya jera a ƙarƙashin layin, ya manne da gam. Tsakuwar da ya zuba a tsakani da rariyar matarsa Mama Juliana ya tankaɗe ta, kuma har yau ba ta yafe masa ba. Duwatsu ya yi su da takardar buhun siminti da sitaci, bishiyoyi da soson wanka da aka tsoma a koren fenti. Taragai gwangwanin kifi ne. Kan jirgin kuwa injin wata matacciyar rediyo mai kaset ne a cikinsa, yana shan wuta ta layin daga cajar waya.

Ni'ima ta fara shiga gidan ne da aike, kai wa Mama Juliana ƙullin masa. Rannan ta leƙa baranda ta ga gwangwanin kifi yana zagaya dutse shi kaɗai. Masar nan sai da aka aiko a kira ta kafin ta tuna da ita.

Aikin farko da Baba Elias ya ba ta shi ne gogar layi da busasshen tsumma kafin a kunna wuta. Ta yi kwana uku tana gogewa, sannan ta tambaya.

"Baba, me ya sa ba ma sa masa mai? Abba ya ce duk ƙarfen da bai sha mai ba gawa ne."

"Abbanki ya yi gaskiya a shagonsa, Hajiya ƙarama," in ji shi. "Mai na cikin inji ne. Amma tayar jirgi ƙarfe ce, layi ma ƙarfe ne, ba roba ba kwalta. In santsi ya shiga tsakaninsu, an gama tafiya. Kin san abin da kan jirgi na gaske yake ɗauke da shi? Akwatin yashi. In an zo hawa, ko ruwa ya jiƙa layi, sai direba ya saki yashi a gaban taya don ta kama. Wannan namu ma ya fi tsanani, tunda ta layin yake shan wuta. Layi a bushe yake so."

Da aka sanar a makarantarsu cewa ƙarshen zango za a yi ranar baje kolin aikin hannu, Ni'ima ta ɗaga hannu ta ce ita jirgin ƙasa za ta kawo, mai tafiya da kansa. Malamarsu, Malama Eunice, ta rubuta. Halimatussa'adiyya, wadda take zama a bayanta, ta tambayi da me za a yi shi. Da ta ji da gwangwanin kifi ne sai ta kwanta a kan tebur.

"In ya tashi tafiya, ki ɗaure kyanwar gidanku. Ita ce fasinjar farko."

Ajin ya ɗauki dariya. Daga ranar suna ganinta sai su yi kukan kyanwa. Ni'ima ba ta rama ba. Abu ɗaya take so, su tsaya a gaban teburinta su ga abin da ta haɗa da hannunta yana tafiya.

Mako bakwai ta yi tana aikin, kullum bayan Islamiyya. Baba Elias ya ba ta allon wani tsohon tebur, bai taɓa mata komai ba sai da baki. Ya yanka mata wani ɗan katako ya ce shi ne ma'auni, duk inda ta manna layi ta sa shi a tsakani, kada wani wuri ya fi wani faɗi. Sau biyu ta ɓamɓare wata kwanar layi saboda ta yi tsanani jirgin yana faɗuwa. Ta gina tasha da ashana, ta yi mata rufi da gwangwanin madara. Ranar da kan jirginta ya zagaya allon karon farko yana jan tarago biyu, Mama Juliana ta fito daga kicin ta yi guɗa, ta ce to yanzu a maido mata rariyarta.

Gwangwanin ne ya jawo magana. Da la'asar Alhaji Ashiru yakan zauna a majalisa ƙofar gidansa, kuma in Baba Elias ya zo wucewa ba ya rasa abin jifa.

"Manajan Reluwe! Yau ƙarfe nawa na Maiduguri zai tashi? A ajiye mini kujera a taragon kifi."

"Akwai wuri, Alhaji," Baba Elias yakan ce. "Sai dai ba a shiga da babbar riga."

A yi dariya, ya wuce. Amma wata ranar Laraba, abokin Alhaji mai suna Mahfuz ya gyara zama ya ce:

"Af, Alhaji, ashe an ɗauki 'yarka aiki a reluwen? Jiya na gan ta bayan teburin mai shayi tana tsintar gwangwani."

Dariyar rannan ba ta yi wa Alhaji daɗi ba, domin a kansa ta sauka. Ya shiga gida yana kiran matarsa tun daga zaure.

"A'i! Ke kina zaune 'yata tana bin bola?"

"Ba bola ba ce, Alhaji, aikin makaranta ne. Kusan wata biyu tana haɗa shi. Da ka leƙa ka gani..."

"Wata biyu tana haɗa shara. In jirgi take so, ai sai a faɗa mini. Ni za a kai wa gwangwani gaban jama'a da sunan gidana?"

Bai leƙa ba. Ya ɗauki waya ya kira wani yaronsa a Kano, bayan kwana shida kwali ya iso a motar haya. Abin da ke ciki ya yi kyau, ba a ƙi gaskiya. Kan jirgi baƙi mai sheƙi, taragai huɗu, fitila mai haske, ƙaho mai kuka kamar na gaske, ga layi da ake harhaɗawa har ya hau wata gada ya sauko. An sa wata takarda mai ninki takwas a ciki. Ni'ima ta buɗe ta fara karantawa, Alhaji ya karɓe ya yi fifita da ita.

"Ni da na yi shekara ashirin cikin injina, takarda ce za ta koya mini?"

Aka haɗa shi a falo, ya yi ta zagaye lafiya lau, yana hawa gada yana sauka. Alhaji ya kira 'yan majalisa suka shigo suka yi ta salati. Ya aika a kira Baba Elias ma.

"Manaja, zo ka ga jirgi. Wannan ba ya warin kifi."

Baba Elias ya durƙusa da ƙyar saboda gwiwa, ya daɗe yana duban tayoyin. Fuskarsa ta yi haske kamar ta yaro.

"Aiki ne mai kyau, Alhaji. A riƙa goge masa layi kawai."

"Ka bar mana wannan. Kula da ƙarfe gadonmu ne."

Ni'ima ta jira baƙi suka fita, sannan ta durƙusa a gefen kujera.

"Abba, Malama ta ce abin da mutum ya yi da hannunsa ake so."

"To da ƙafa za ki ɗauke shi? Da hannunki za ki kunna, shi ke nan. Wancan tarkacen ya zauna inda yake."

Ranar baje kolin ta kama Asabar, tsakiyar damina. Tun asuba aka yi ruwa, gari ya yi laushi. An jera tebura a babban zauren makarantar. Wani ya kawo fanka ta kwali, wata ta kawo jaka ta duwatsun ado, Halimatussa'adiyya ta kawo gidan sama na karan dawa wanda ya ɗan karkata. Teburin Ni'ima ne jama'a suka fi yi wa zobe, ita kuma tana tsaye a bayansa kamar wadda aka ba ajiyar kayan wani. Can baya, kusa da ƙofa, ta hango Baba Elias da lemarsa a hammata. Ita ta gayyace shi tun kafin kwali ya zo, shi kuma ba ya saɓa alkawari.

Saura kaɗan alƙalai su fara zagaye Alhaji ya shafa layin da yatsa, ya dubi taga, ya girgiza kai.

"Wannan laimar za ta sa masa tsatsa. Kuma tun da aka kawo shi bai ga mai ba. Wane irin inji ne wannan?"

Ya fita zuwa mota ya dawo da 'yar gora ta baƙin mai, mai kauri, irin wanda yake ba manyan kwastomomi.

Ni'ima ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Abba, ba a sa wa layi mai. Baba Elias ya ce..."

"Baba Elias ya ce! Shi ya sa jiragensu suke kwance. Matsa."

Ya naɗe hannun babbar riga, ya tsoma yatsa, ya bi layin nan kaf yana shafawa cikin natsuwa da ƙwarewa, kwana da miƙe, hawa da gangare. Ya ɗaga kan jirgin ya ɗiga wa kowace taya. Ko a shagonsa bai taɓa yi wa motar wani hidima haka ba. Layin ya ɗauki ƙyalli, Alhaji ya ja da baya ya dube shi kamar mai duban ɗan da ya yi wa wanka.

Alƙalai uku suka iso, Malama Eunice a gaba da takarda a hannu.

"To, Ni'ima, nuna mana."

"Kunna, kunna," in ji Alhaji. "Ku ɗan ja baya, yana da gudu."

Ta kunna. Fitila ta kama, ƙaho ya yi kuka, tayoyi suka hau juyawa da sauri. Jirgin bai je ko'ina ba. Can ya fara jan jiki kamar mai ciwon baya, ya kai gindin gada, ya hau taku ɗaya, sannan ya sulalo da baya a hankali, yana ta kuka, tayoyinsa suna gudu gaba. Yara suka fashe.

"Ribas yake yi!"

"Ya manta jakarsa a tasha!"

Wata murya daga wajen gidan karan dawa ta yi kukan kyanwa.

"Ku yi haƙuri," in ji Alhaji, yana murmushin masana. "Bai ji man ba tukuna."

Ya ƙara. Wannan karon da bakin gorar ya zuba. Fitilar ta yi ƙyafta-ƙyafta, ƙahon ya shaƙe a tsakiyar kuka, komai ya tsaya cak. Mai ya bi ƙafar gada ya sauka kan farin ƙyallen tebur. Alhaji ya buga teburin kaɗan, ya girgiza wayar wuta, ya hura kan jirgin da baki. Gumi ya tsattsafo masa a ƙarƙashin hula.

"Kun ga kayan yanzu ko? Kwali kawai ake sayar wa mutane. Wallahi sai sun karɓi abinsu."

Malama Eunice ba ta dube shi ba, Ni'ima ta duba.

"Kin san abin da ya same shi?"

Ta sani sarai. Kalma uku ce: man Abba ne. Amma ga iyayen yara, ga Mahfuz da ya biyo su don kallo, ga mahaifinta da mai har gwiwar hannu. Ta ɗaga ido ta nemi Baba Elias. Bai ko matso gaba ba. Ya sa hannu a aljihu ya zaro farin hankici, ya miƙa wa na gabansa, hankicin ya bi hannu-hannu har ya iso teburin.

"Abba," ta ce, "ka bari in goge. Wataƙila datti ne ya hau."

"Ai na faɗa. Dattin zauren nan ne. Goge."

Ta roƙi Malama Eunice sifirit daga akwatin magani na ofis. Alƙalai ba su iya jira ba, akwai tebura ashirin a gaba, suka wuce, jama'a suka bi su. Alhaji ya tafi neman sabulu da wanda zai saurari ƙorafinsa. Ni'ima ta zauna ita kaɗai ta cire layin guntu-guntu, ta jiƙa hankici ta goge kowanne har sai da ya daina barin baƙi. Ta kifar da kan jirgin a tafin hannunta, ta naɗa ƙyalle a tsinke ta bi taya ɗaya bayan ɗaya, har da 'yan ƙarafan da ke ɗaukar wuta a bayansu. Tana cikin haka ta ji an kira sunan mai fankar kwali, an tafa masa. Ba ta ɗago ba. Da ta mayar da layin ta ga wani wuri ya buɗe, ta matse shi da babban yatsa, ta runtse ido ɗaya ta duba tsawonsa kamar yadda aka koya mata.

Lokacin da ta sake kunnawa ana kwashe kujeru. Jirgin ya tashi, ya hau gada ya sauka, ya zagayo. Mutum huɗu ne suka gani: mai shara, Baba Elias, Alhaji da ya dawo yana yarfa hannu, da Malama Eunice, wadda ashe tun ɗazu ta dawo ta tsaya.

"Wa ya koya miki duba layi haka?"

"Baba Elias, Malama. A kan nawa."

"Naki? Kina da wani?"

Ni'ima ta dubi mahaifinta.

"Wani tarkacen gwangwani ne," in ji Alhaji. "Wasan yara."

"To ai makarantar yara ce, Alhaji," Malama Eunice ta ce cikin ladabi. "Kyauta ta riga ta wuce. Amma in ka yarda, ran Litinin ta kawo mana shi aji. Shi na rubuta a takardata."

Alhaji ya dubi farin ƙyallen da ya ɓaci, ya dubi hannun rigarsa. Bai da ƙarfin wata gardama.

"Ta kawo. Amma ba a motata ba."

A Keke Napep aka kai shi. Baba Elias ya riƙe gefe ɗaya na allon, Ni'ima ta riƙe ɗaya, mai keken yana ta tambaya ko na sayarwa ne. A aji ta ɗora shi kan teburin malama, ta zaro busasshen tsumma ta goge layin tukuna, ba ta yi sauri ba. Ta sa caja a bango. Gwangwanin kifi ya fito daga tashar ashana yana jan tarago biyu, ya bi bayan dutse ya ɓace, ya ɓullo ta ɗaya gefen. Ba fitila, ba ƙaho, sai ɗan ƙaras-ƙaras na taya a kan waya. Ajin ya zuba ido har jirgin ya zagaya sau uku. Halimatussa'adiyya ce ta fara magana.

"Har yanzu dai gwangwani ne," ta ce. Can kuma: "In kin gama, zan iya kunnawa?"

"Sai kin goge layi tukuna."

Jirgin kwali ya koma kwalinsa, aka ɗora shi kan durowa. Da la'asar ranar Ni'ima tana shanya a tsakar gida ta jiyo muryar mahaifinta ta kan katanga, yana ba majalisa labari.

"Ai daga baya ya tashi, kamar walƙiya. Mutane ne ba su da haƙuri. Mai sai ya ratsa. Da ya gama ratsa shi, ba ga shi ba?"

"Sana'a sai mai ita," in ji Mahfuz.

"Manaja! Ka ji ko? In naka ya gaji ka kawo, zan ba ka gora ɗaya kyauta."

"Na gode, Alhaji," muryar Baba Elias ta amsa daga nesa. "Zan sa wa ƙofar gida."

Ni'ima ta matse rigar da ke hannunta ta shanya. A nan ta gane cewa mahaifinta ba zai taɓa sanin abin da ya tsayar da jirgin ba, ko abin da ya tashe shi, domin ba zai tambaya ba. Ita kuwa ta sani.